Zuwa ga Aminina, Kan Badon da Ka Ce Ya Ƙi Buɗewa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso ni tare da hotunan nan guda uku, kuma na daɗe ina kallonsu. Ashe dai ka haƙa ɗan tafkin da ka yi shekaru kana ambata a lambunka. Allah Ya sa albarka, na yi murna ƙwarai.

Ka ce wata biyu ke nan badonka yana fitar da ƙullin fure, amma ko sau ɗaya ba ka ga ya buɗe ba. Kullum ka leƙa lambun bayan la'asar sai ka tarar da shi a rufe, bayan 'yan kwanaki kuma ya nutse, har ka fara tunanin tumɓuke shi. Don Allah kada ka taɓa shi. Lafiyarsa ƙalau, yana buɗewa, lokacinku ne bai haɗu ba.

Hoto na biyu ne ya gaya mini haka. Dubi bakin ganyen, za ka ga haƙora masu tsini a jere kamar na zarto. Dubi kuma ƙullin furen, bai kwanta a kan ruwa ba, yana tsaye a kan kararsa. Waɗannan alamun badon ƙasashe masu zafi ne, kuma haƙora masu kaifi irin waɗannan an fi samunsu ga masu buɗewa da dare. Na fi zaton farin badon nan ne da masana tsirrai ke kira Nymphaea lotus, ko wani daga cikin danginsa. Ka juya ganye ɗaya ka shafa bayansa, idan ka ji laushin gashi-gashi kuma jijiyoyin sun fito raɗau, to zatona ya ƙara ƙarfi. Shi wannan sai duhu ya shiga yake buɗewa, ya kwana a buɗe, ya rufe da hantsi. Ka ɗauki fitila ka je bakin tafkin bayan isha'i, ko ka leƙa da sassafe kafin ka fita. Na so a ce ina wurin in ga fuskarka a daren farko.

Nutsewar da ta tayar maka da hankali ma ɗabi'arsa ce. Fure ɗaya kwana uku zuwa huɗu yake yi. A ranar farko yana karɓar ƙurar fure daga ƙwarin da suka ziyarce shi, a kwanakin da ke biye shi ne ke ba da tasa. Idan ya gama sai karan ya ja shi ƙasa, 'ya'yan su nuna a cikin ruwa.

Ni a wurina, duk mai son gane bado ya fara da ganye. Fure yana zuwa ya tafi, ganye kuwa kullum yana nan. Wanda ke cikin tafkina na ɗaya ɓangaren ne, masu jure sanyi: bakin ganyensa sumul yake, furensa yana kwance a kan ruwa, yana buɗewa da safe ya rufe kafin yamma. Irin waɗannan za ka same su farare, rawaya, ja ko ruwan hoda. Shuɗi da shunayya kuwa asalinsu na masu zafi ne, kamar shuɗin badon Masar da ake gani a zanen tsofaffin kaburburan ƙasar. Nawa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a ganye, sunansa Chromatella, kuma yana da tarihi. Wani Bafaranshe, Joseph Bory Latour-Marliac, wanda ya kafa gidan renon tsirrai a kudu maso yammacin Faransa a 1875, shi ya yi ta aurar da farin badon Turai da wasu irin na waje har ya samu launuka masu jure sanyi. Ya baje kolinsu a babban bikin baje kolin Paris na 1889, mai zane Claude Monet ya gani, daga baya ya saya ya dasa a tafkinsa na Giverny, ya kuma zana su a hotuna kusan 250. Duk safiyar da nawa ya buɗe sai in tuna cewa tun daga hannun mutumin nan ake ta raba saiwa ɗaya, hannu zuwa hannu, har ta iso gare ni.

Akwai wani da ake yawan rikita shi da bado, wato Nelumbo. Rabe su ba wuya. Ganyen bado yana da tsaga daga baki zuwa tsakiya, kuma yana kwance a kan ruwa. Na wancan zagayayye ne ba tsaga, yana miƙewa sama kamar laima. Ba ma dangi ba ne.

Yanzu ga abin da ya dame ni a hotunanka, kuma a nan nake so ka saurare ni da kyau. Famfon feshin ruwan da ka sa ya yi kusa da badon. Ganyen bado ta samansa yake numfashi, domin ƙananan ƙofofin iskarsa a fuskar sama suke, ba a ƙasa ba kamar yawancin tsirrai. Daga nan iska ke bin ramukan da ke cikin kara ta gangara har saiwa. Yanke kara ɗaya ka duba, za ka ga ramukan da idonka. Idan ruwa yana ta zuba a kan ganyen dare da rana, sai ya riƙa ruɓewa da wuri. Bado ruwa mai kwanciya yake so. Mayar da famfon can ƙarshen tafkin, ko ka rage ƙarfinsa.

Sai batun ƙasa. Ba ka faɗi da me ka dasa shi ba, amma dusa-dusar da na ga tana yawo a kan ruwan ta sa na yi zargin ƙasar tukwanen furanni ce, mai sauƙi. Na yi wannan kuskuren a shekarata ta farko: ƙasar ta taso sama, ruwan ya koma kore shar da gansakuka, na yi wata guda ina kwasa. Ƙasa mai nauyi ake so, mai laka a ciki, a zuba a faffaɗan baho, domin faɗi ya fi masa amfani a kan zurfi. Naka a tsakiyar bahon za ka kafa shi, kan da ke fitar da toho yana waje, kada ka binne shi. Sai ka shimfiɗa tsakuwa a sama don kada kifi ya tone. Taki kuwa ka cusa shi can cikin ƙasar da yatsa ka rufe ramin, kada ka watsa a ruwa, in ba haka ba gansakuka ka ciyar. Idan sabon dashe ne, ka ɗora bahon a kan bulo yadda ruwan da ke samansa ba zai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, sannan ka riƙa saukar da shi a hankali yayin da ganye ke ƙaruwa, har ya kai santimita 30 zuwa 45. Yana son rana ta kamar awa 6 a yini, ko da yake da dare yake fure, kuma ba ya sakewa sai ɗumin ruwan ya kai wajen digiri 21.

Na kuma hango kainuwa guda huɗu ko biyar a kusurwar hoto na uku. Ka san an ce kainuwa dashen Allah, ba ta jiran kowa ya shuka ta, saiwarta a ruwa take reto. Ka kwashe ta tun tana 'yan kaɗan, don idan ta samu wuri za ta rufe tafkin ta hana badon haske. Ganyen badon kansa ma kada ka bari ya rufe fiye da rabi zuwa kashi biyu cikin uku na fuskar ruwan. Wanda ya yi rawaya ka yanke shi daga ƙasa. Idan ƙananan ƙwari baƙaƙe suka taru a kan ganye, ruwa kawai za ka fesa musu su faɗa tafki, kifi ya cinye. Kada ka kusanto da maganin ƙwari, zai kashe maka kifin, su ne kuma ke cinye maka 'ya'yan sauro.

Ina jiran hoton furen a buɗe. Ka ɗauke shi daga sama, ka kuma ɗauko mini bayan ganyen, sannan ka rubuta ƙarfe nawa ya buɗe da ƙarfe nawa ya rufe, kwana uku a jere. Da wannan za mu tabbatar da sunansa. Idan tafkin naka yana da wuri, badi in na raba saiwar nawa zan ajiye maka guda, ka samu mai buɗe maka da rana.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka