Wasiƙa daga Tudun Wada zuwa Alƙahira

Tudun Wada, Kaduna
Disamba 2017

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya karatu, ya baƙunta? Nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. Umma tana gaishe ka, kullum sai ta tambaya ko Larabawa sun sa ka ƙiba. Na ce mata mai cin burodi da wake safe da yamma ina zai ga ƙiba.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon gajerun saƙonnin da muka saba, wani wasan kwamfuta ne. Kar ka yi dariya. Sunansa RIOT: Civil Unrest, a farkon watan nan ya fito a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet. Wani ɗan Italiya ne ya ƙirƙiro shi, Leonard Menchiari, wanda ya taɓa aiki da Valve, kamfanin da ke da Steam ɗin. Tun 2013 ya nemi gudummawar jama'a a Indiegogo, shafin tara kuɗi a intanet, mutane suka zuba kuɗi suka yi ta jira har wasu suka fid da rai. Yanzu ma ba gama shi aka yi ba. Irin tsarin nan ne da ake sayar maka da wasa yana kan gini, ka biya, ka buga, ka faɗi inda ya karkace su gyara. Kamar ka tare a gida ba a yi shafe ba, magina na shige da fice ta tsakar ɗakinka. Da dala a kusan naira 360 sai da na yi ta jujjuya maganar, daga baya son sani ya ci ƙarfina.

Wasan tarzoma ne. Ka zaɓi ɓangare: ko kai ne masu zanga-zanga, ko kai ne 'yan kwantar da tarzoma. Zanen irin na da ne, mutane ƙanana ƙanana kamar tururuwa, ba ka ganin fuskar kowa, sai hayaƙi da tutoci da ƙugin taro. Kuma wuraren duk na gaske ne. Akwai kwarin Susa a Italiya, inda aka daɗe ana adawa da layin jirgin ƙasa mai gudu da zai haɗa Turin da Lyon, kuma shi mai wasan da kansa ya halarci wannan zanga-zangar. Ka ji ikon Allah, mu nan tun da aka buɗe tashar Rigasa bara muke ta murna da jirgin Abuja, su can faɗa suke kar a kawo musu. Akwai Keratea a Girka, garin da ya tashi tsaye saboda za a kai musu juji. Akwai zanga-zangar matasan Sifaniya ta watan Mayun 2011. Sai kuma unguwarku, dandalin Tahrir, daga 25 ga Janairun 2011 zuwa saukar Hosni Mubarak ranar 11 ga Fabrairu. Da na ga wannan na ce dole ka ji labari.

Abu ɗaya mai wasan ya gane, kuma na sara masa. Taro ba ya jin umarni. Za ka ce wa rukuninka su tsaya nan, ana harba barkonon tsohuwa sai ka ga rabi sun watse, wasu sun harzuƙa sun fara jifa ba da izininka ba. Da farko na ɗauka linzamin kwamfutata ne ya lalace. Wani abin lallai rashin kammala wasan ne, don akwai lokutan da na danna har na gaji babu abin da ya motsa, amma wani abin da gangan aka yi shi. Haka in ka riƙe 'yan sanda, kana iya share filin da kulki da harsashin roba cikin ɗan lokaci, sai a nuna maka ra'ayin jama'a ya juya maka baya, ka ci fili ka faɗi a idon duniya. Na fi samun nasara ranar da na zaunar da mutanena a ƙasa na hana su ɗaukar ko tsakuwa.

Daren Asabar ina bugawa da Auta a falo, shi 'yan sanda ni masu bore, yana ta ihu yana cewa ya gama da ni, sai Umma ta fito ɗaukar buta. Ta tsaya a bayanmu ta ɗan jima. Ba ta fahimci wasan ba, amma ta gane sautin. Ta ce, "Wannan hayaniyar ta mece ce? Ku rage, gabana faɗuwa yake." Auta ya ce wasa ne kawai. Ta dube shi ta ce, "Kai ba a haife ka ba." Ta wuce. Kafin mu ce wani abu aka ɗauke wuta, ni kuwa ban kunna janareta ba.

Tun daren nake tunani. Kai da ni muna aji huɗu a firamare ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000. Ka tuna yadda aka buɗe ƙofar makaranta aka ce kowa ya ruga gida, takalminka ɗaya ya cire ka ƙi tsayawa? Rikicin shari'a ya ci mutum fiye da dubu a garin nan, ya sake tashi a watan Mayu. A azumin 2002 aka yi na gasar sarauniyar kyau, sama da mutum 200, har aka kwashe gasar zuwa Landan. Sai na bayan zaɓen Afrilun 2011, da abin da ya faru a Zonkwa da Kafanchan. To a cikin duk waɗannan, wane ɓangare zan zaɓa a allon wasan? A wasan jama'a na gefe guda, hukuma na gefe guda, fili a tsakiya. Namu maƙwabci ne da maƙwabci, a lungu, kuma sau da yawa addu'a muke sojoji su iso da wuri.

Babu maɓallin da zan danna in zama Baba, wanda ya shigar da maƙwabtanmu Kiristoci ɗakin ajiyar hatsi kwana uku, Umma ta yafa wa matar mayafinta, mu yara aka ce duk wanda ya buɗe baki sai ya sha bulala. Babu matakin da ake zaman dokar hana fita, garin tuwo ya ƙare, kunne na kan rediyo. Kuma wasan na ƙarewa da an watse daga filin. Namu bayan an watse aka fara kwashe kaya. Mutanen nan da muka ɓoye Sabon Tasha suka koma, iyalan Musulmi na can suka tsallako zuwa Rigasa da Tudun Wada, kogin Kaduna ya zama iyaka. Ɗansu da muke buga ƙwallo tare, sau biyu na gan shi cikin shekara goma sha bakwai, alhali kuɗin mota ɗaya ne tsakaninmu.

Kar ka ce na tsani wasan. Irin tasa tarzomar ma mun gani, a Janairun 2012, lokacin da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140. Wannan kam da an sa ta a wasan da ta zauna daram: talakawa a titi, hukuma a gabansu, Musulmi na sallah Kiristoci na gadinsu kamar yadda aka yi a Kano, kamar yadda aka yi a Tahrir ɗinku. Har aka sauko da shi 97. Ita kaɗai ce nake iya tunawa ba tare da cikina ya ƙulle ba.

Tun da masu wasan sun ce suna son jin ra'ayin waɗanda suka saya, na buɗe shafin zan rubuta musu. Na yi layi uku na goge. Me zan ce? Ku sa Kaduna? Wallahi ba na son in ga Auta yana tura ƙananan mutane su ƙona Kasuwar Barci yana dariya. Ƙarshe dai na rubuta musu cewa rukuni na maƙalewa a jikin shinge, su duba. Shi kansa Autan na zaunar da shi na ba shi labarin ɗakin hatsi, ashe bai taɓa ji ba. Shekararsa goma sha huɗu a gidan, yana wuce ƙofar ɗakin kullum. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko mutanen suna nan da rai. Na yi masa alkawarin in an yi hutun Kirsimeti za mu tsallaka gada mu gaishe su, Umma har ta fara maganar dambun naman da za ta ba mu mu kai.

Kai kuma ina son ka yi mini wani abu. In ka bi ta Tahrir, ka duba mini yadda wurin yake yanzu, ko mutane na tsayawa ko wucewa kawai suke. Ban ce ka ɗauki hoto ba, kuma kar ka je kana yi wa mutane tambayoyin siyasa, na san halinka, karatu ka je yi. In akwai wanda kuka shaƙu da shi da ya ga 2011 da idonsa kuma shi ya kawo zancen, ka saurara ka ba ni labari.

Jallabiyar da ka yi mini alkawari har yau shiru. Ruwan toka nake so, kar ka sake kawo fara. Ka gaida 'yan ɗakinku.

Naka,
abokinka na Tudun Wada