A bar Baba a zaurensa

Jidda

Zuwa ga ƙanena,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da dukan mutanen gida, ina sanar da kai cewa ni ma lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon baya da ba a rasa ba, wanda bai hana ni fita aiki ba. Na aika da riyal 1,500 ta hannun wanda ya saba kawo muku saƙo.

Labari ya iso mini cewa kai da Yaya Babba kun yanke shawarar ɗauke Baba daga gida ku mayar da shi wajenka a Kano, a sayar da awakinsa, a kuma ba da jinginar gonar bayan gari. Na san niyyarku ta alheri ce, domin gwiwarsa ta yi rauni, ga hawan jini, ga asibiti kusa da kai. Duk da haka ban amince ba, kuma ina roƙonka da girman Allah kada a taɓa gonar nan, kada a kai akuya ko ɗaya kasuwa.

Ka dubi yadda yake wuni. Da asuba yana sahun farko a masallacin da ya yi shekara 50 yana salla a cikinsa, in ya dawo ya sha kununsa a kan buzunsa a zaure, ya zuba wa awaki harawa da hannunsa, da la'asar kuma ya zauna gindin darbejiya da sa'o'insa da suka rage. Ranar Alhamis yakan matsa a kai shi kasuwar Maigatari, ko da ba zai sayi komai ba, don ya ji farashin raguna ya gaisa da dillalan da suka san shi. Da na kira shi da Babbar Salla na tambaye shi abin da yake buƙata, sai ya yi dariya ya ce ya ci, ya sha, ya ga jikokinsa, kabarin Inna yana nan kusa, me kuma ya rage. Mutumin da Allah ya ba irin wannan wadatar zuci, wane ɗaki mai fanka za ka ba shi a madadinta?

Na ga irin haka da idona a nan. Akwai wani dattijo mutumin Haɗeja da ya fi shekara 40 a unguwar Karantina, kowa yana ce masa Baba. Da aka rushe unguwar a 2022, 'ya'yansa suka kama masa gida mai kyau a hawa na huɗu, da na'urar sanyaya ɗaki da komai. Da na je gaishe shi na same shi a bakin taga, rediyo a cinyarsa ba a kunna ba, ya ce mini tun safe babu wanda ya yi masa sallama. Bai cika shekara a gidan ba Allah ya yi masa rasuwa. Kwana ne ya ƙare, na sani, amma fuskarsa ta ranar ba ta bar ni ba.

Za ka iya cewa mai magana yana nesa, ku ne kuke tashi cikin dare in jikinsa ya motsa, kuma gaskiyarka ce. Tun 2005 na bar gida, Inna ta rasu ban riƙe makararta ba, wannan kuwa yana cina kullum. Amma kada a manta cewa ɗakin da yake kwana da rijiyar tsakar gida da gumina aka yi su, saboda haka ina da bakin magana. Ni kaina furfura ta cika mini gemu, yaran shago sun fara ce mini Baba, kuma burina bai wuce in dawo in samu gefen buzun nan in zauna ba.

Ga yadda za a yi da kuɗin. Riyal 600 na maganin hawan jininsa ne da kai shi a duba masa yanar ido, a dawo da shi gida a ranar. A sayi kwano da 500 a gyara rufin zauren kafin damina ta sauka, sauran 400 kuma a ba 'yan ƙodago su nome gonar, shi ya riƙa zuwa yana dubawa kawai. Autanmu ya koma kwana a ɗakin da ke kusa da nasa, ni zan ɗauki nauyinsa duk wata. Ina sake jaddada maka, kada a ba da jinginar gonar, kuma kada a yi wa Baba maganar Kano sai in shi ya ɗauko ta da bakinsa.

Ka karanta wa Yaya Babba wannan takarda, ka gaishe mini da Gwaggo da Malam Liman. Ranar Juma'a bayan an sauko zan kira, ka kasance kusa da Baba ka miƙa masa wayar.

Naka,
Yayanka