Gaisuwar Sallah daga Lacock

Assalamu alaikum Baba,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. A gaishe da Inna da Yaya da yara, da fatan an sha ruwa lafiya.

Na ji ana shawarar shafe soron gidanmu da siminti kafin damina. Don Allah a dakata, ku ji yadda ake riƙon tsohon gini a nan Ingila.

Lacock ƙaramin ƙauye ne a yankin Wiltshire. Babban gidan garin an kafa shi a 1232 don mata masu zaman ibada, William Sharington ya saye shi a 1540 ya mayar da shi gidan zama. Yawancin ginin cocin St Cyriac kuwa na ƙarni na 15 ne, da kuɗin cinikin ulu aka tashe shi. Har yau suna tsaye, kuma masu gyaransu ba sa kusanto su da siminti.

Abin da suke kwaɓawa farar ƙasa ce, irin ta ƙonannen dutse da Turawa ke kira lime, awo 1, yashi mai kaushi awo 3. A kankare tsohon kwaɓin da ke tsakanin duwatsu har zurfinsa ya ninka faɗinsa, a jiƙa wurin, a cusa sabo, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na 'yan kwanaki don kada ya bushe da gaggawa ya tsage. In sanyi ya yi ƙasa da digiri 5 sai a ajiye aikin, domin ƙanƙara na ruɓar da ɗanyen kwaɓi.

Farar ƙasa tana barin laima ta fita, shi ne amfaninta. Siminti ya fi dutsen tauri, ruwa ya shiga ta tsaga ba ya samun mafita, sai fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. A jikin tubali abin ya fi muni: waje sumul, ciki yana narkewa, wata rana ɓawon ya faɗo gaba ɗaya.

Duk shekara 5 masanin gini yakan duba coci daga rufi har tushe, kuma galibin ɓarnar da ake samu daga indararo ne da ganye ya toshe. A fara duba namu, da bakin azara, sannan a kira magini ya yi yaɓe da makuba yadda aka saba. Kuɗin aikin na nan tafe tare da goron Sallah.

A sa ni a addu'a.

Ɗanku.