A Koya Wa Likitoci Masu Neman Kwarewa Cututtukan Fatar Gaban Mace

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi kira ga masu tsara horon likitoci masu neman kwarewa, musamman bangaren mata da bangaren fata. Mace za ta zo da kaikayin gaba mai hana barci, ko a duba ta ba a yi ba sai a ce sanyi ne, a rubuta mata maganin cusawa da antibayotik ta tafi, ta dawo a sake rubuta mata irinsa, haka za a yi ta yi shekara da shekaru alhali ba infekshan ba ne sam, fatar ce ta kumbura.

Akwai cutar da ake kira laiken siklerosus. Fatar wurin takan yi fari fat, ta yi siriri tana tsagewa, in aka bar ta tabo ya hade lebban gaban, kofar ta tsuke har saduwa ta gagara, kuma kadan daga cikin masu ita, kasa da kashi 5 cikin 100, takan zame musu kansa. Ta fi kama matan da suka daina al'ada da yara mata da ba su balaga ba. Ba a daukarta ta saduwa, amma sai ka ga ana ta zargin juna tsakanin miji da mata a banza. Abin takaicin ma maganinta sananne ne, man shafawa mai karfi irin kulobetasol da bibiya, in an gano da wuri. Ga laiken fulanus, wata cutar fata da kan kama gaba da cikin baki, wadda sai an leka har cikin bakin, ga kurajen da sabulu da turare ke jawowa.

Matsalar ta fada tsakani ne. Likitan mata kullum yana duba wurin amma bai zurfafa a ilimin fata ba, likitan fata ya san cutar amma da wuya ya duba wurin. Tun 1970 aka kafa kungiyar duniya ta ISSVD kan wadannan cututtuka, to ilimin yana nan.

Rokona a hada musu kilinik daya su rika zama tare karkashin kwararre, kowa ya koyi yankar dan guntun fata a kai gwaji da hannunsa kafin ya gama. Kuma a koyar da su da hotunan bakar fata, don jan da littattafai ke nunawa baya fitowa sosai a jikin bakin mutum, duhu-duhu kawai za ka gani.

Na gode,
Mai karatunku a kullum