Uban da yaransa ba sa ganinsa sai ran Lahadi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda na san ba ni kaɗai ba ne a Abuja.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Nyanya. Duk mai bin hanyar Keffi zuwa shataletalen AYA da ke cikin Abuja ya san in bai fita da sallame sallar asuba ba, cunkoso ya gama da shi. Ina fita yara na barci, ina dawowa bayan isha'i sun riga sun kwanta. Wata Lahadi 'yata mai shekara 6 ta yi mini dariya, sai ga giɓi a bakinta. Na ce, "Yaushe haƙorin nan ya fita?" Uwarta ta ce, "Maigida, ai yau sati biyu ke nan." Wallahi kunya ta hana ni ƙara magana. Gida ɗaya muke kwana fa!

Su ma yaran ba hutawa suke yi ba. Boko tun bakwai na safe, a tashi a shiga lesin, daga nan Islamiyya har magariba, Asabar da Lahadi kuma hadda. Ɗana na fari sau nawa ina tarar da shi ya yi barci a kan littafin aikin gida, fensir a hannu, ko takalmi bai cire ba. Kada a ce ina sukar Islamiyya, a'a, ni ma allo na riƙa kafin biro. Amma mu mun yi langa, mun sha tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka, kuma bai hana mu sauka ba. Ai addinin ma bai ce a kashe kai ba. Da Salmanul Farisi ya ce wa Abu Darda jikinsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Manzon Allah (SAW) gaskata shi ya yi.

A 2021 gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikata maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. Da na nemi nawa, tsiya abokan aiki suka yi ta yi mini, wai ni na yi naƙudar? Hutun shekara kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 da yawanmu buga-buga muke yi da shi. Ban ga laifin kowa ba, cefane ba ya jira.

Mu dai a gidanmu mun ware Lahadi daga la'asar zuwa isha'i. Wayoyi a durowa, har tawa. In da kuɗin mota mu ɗauki tabarma da kunun aya mu tafi Millennium Park a Maitama, in babu mu baje a tsakar gida. A irin wannan zaman ne ɗana ya faɗa mini ba ya ganin rubutun allo daga bayan aji, wata da watanni yana shan bulala a kan haka. Yanzu tabarau yake sawa.

Roƙona ga masu makarantu, na boko da na Islamiyya: su bar wa yara yini ɗaya a mako babu aji, babu aikin gida. Kai kuma Malam Edita, ka tura wakilinka gadar Nyanya da ƙarfe biyar da rabi na asuba, ya tambayi iyayen da ke jiran mota yaushe rabonsu da cin tuwo kwano ɗaya da 'ya'yansu.

Naka,
Wani uba daga Nyanya, Abuja