Rahoton Ayyukan Shekara Daga Sakataren Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Da kuɗin wata zan fara, don shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗanda suka biya na shekarar nan cikakke ba su kai rabinmu ba. Ni da ma'aji mun bi mutane har gida, daga unguwar Pantami zuwa Jekadafari a nan Gombe, da man mashin ɗinmu, amsa ɗaya muke samu: "Zan turo anjima." Wasu anjimarsu tun kafin ƙaramar sallah ce, har yau shiru.

Tarukan wata an yi su, banda na watan azumi.

Abin da ya wanke mana zuciya bana shi ne bitar da muka yi a kan manhajar rajistar mambobi. Kun san yadda take a da: adadin kuɗin wata, adireshin rumbun bayanai, har kalmar sirri, duk a cikin lambobin Java, wato yaren da aka rubuta manhajar da shi, aka dasa su. Ranar da aka ƙara kuɗin wata, sai da aka sake harhaɗa manhajar gaba ɗaya saboda lamba guda. A bitar muka kwashe saitunan nan muka zuba a fayil ɗin properties, kowane layi suna, alamar daidai, sai ƙimarsa. Layin da ya fara da # kuwa bayani ne, manhaja ba ta karanta shi. Muka ɗauko laburaren Apache Commons Configuration na 2, wato wani kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta, ya riƙa karanto su: getInt ya ba ka lamba kai tsaye, getString ya ba ka rubutu, kuma kana iya ajiye ƙimar da za a koma gare ta idan babu layin. Da farko manhajar ta ƙi tashi, ashe laburaren yana neman wani laburaren mai suna commons-beanutils a gefensa.

Daɗin ranar ya zo ne da muka sa saƙon maraba a fayil ɗin. Muka rubuta "ƙungiya", allo ya nuna mana "Æungiya". Ɗakin ya kaure da dariya, wani ya ce kwamfutar ba Bahaushiya ba ce. Ƙanwarmu ɗaya, wadda ko shekara ba ta cika da shigowa ba, ita ta gano bakin zaren: tun asali ana karanta irin wannan fayil da tsarin haruffa na ISO-8859-1, shi kuwa babu ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a cikinsa. Mafita biyu ce. Ko a rubuta \u0199 a madadin ƙ, \u0257 a madadin ɗ, \u0253 a madadin ɓ, ko a gaya wa laburaren ya karanta da UTF-8, tsarin da ke ɗauke da haruffan namu. Ta biyun muka ɗauka, don ma'aji ya iya gyara fayil ɗin da kansa ba sai ya haddace lambobi ba. Allah Ya yi mata albarka. Da wuta ta ɗauke ma babu wanda ya tashi, da batirin kwamfutoci muka ƙarasa har aka kira magariba.

Sai aikin tura saƙon tuni ta waya, wanda ake ta tambayata. Bai kammala ba, kuma ba sakaci ba ne. Layinsa na nan a fayil ɗin, sayen saƙonnin ne ke buƙatar kuɗi, kuɗin kuma yana aljihun waɗanda aka yi aikin domin a tuna musu. Batun cire kalmar sirri daga fayil ɗin da muka ɗora a GitHub, shafin intanet da ake ajiye lambobin manhaja, ma yana nan. Wanda ya karɓi aikin tun bayan babbar sallah ba mu sake ganinsa ba. Ni dai na canza kalmar.

Masu cika zauren WhatsApp da shawara amma ba sa zuwa taro, Malam Shugaba ya ce a karanta sunayen masu bashi a taro mai zuwa. Ma'aji zai zo da rasit.

Wassalam,
Sakatare, Gombe