Ga malamin da ya tambaye ni kan "shugaban jami'a"

Assalamu alaikum Malam.

Ka tambaye ni a bainar jama'a dalilin da ya sa nake fassara Vice-Chancellor da "shugaban jami'a", alhali a cewarka mataimaki ne. Da a nan ka tsaya, da na amsa maka da farin ciki. Amma sai ka ƙara da cewa ina kumbura manya ne don neman shiga. Wannan ce ta sosa min rai. Shekara 22 ina fassara labarai a rediyo, sau da yawa takarda ta iso hannuna saura minti goma a shiga labarai, kuma ban taɓa ƙara wa wani girma don abin hannunsa ba. Lambata tana wurinka, Malam. Da gyara kake nufi, da ka kira ni.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Sardauna ne Chancellor, yana kuma Kaduna yana riƙe da gwamnatin Arewa. Wanda ke zaune a Samaru yana tafiyar da jami'ar shi ne Norman Alexander, sai Ishaya Audu daga 1966. Har gobe haka tsarin yake. Chancellor, wanda muke kira uban jami'a, galibi basarake ne. Ranar yaye ɗalibai yake zuwa, ya sa doguwar rigar biki, ya tabbatar da digiri, ya koma fadarsa. Amma idan malamai sun shiga yajin aiki, ko ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan ɗalibai, ƙofar wa ake bugawa? In na ce masa mataimaki, mahaifin da ya taso daga ƙauye da kuka kan ɗansa zai ɓata yini yana neman wani shugaba da ba ya nan.

Batun "ciyaman" da ka kawo kuwa, cewa aron Turanci ce, ai kalmar ta daɗe da zama 'yar gida.

Abin da ke damuna ya wuce kai. Da yawan 'yan bokonmu sun ɗauka fassara ita ce ɗauko kalma a ajiye kalma. Gwamnan Babban Banki ba shi da jiha. António Guterres sakatare ne a suna, amma shi ke jan ragamar ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017. Aikin mutum muke duba kafin mu raɗa masa suna da Hausa, saboda tsohuwar da ke sauraronmu a tsakar gida ba ta da ƙamus a gefenta.

Zargin neman shiga kuwa, ina roƙonka ka janye shi a wurin da ka yi shi.

Wassalam.